Yadda mai sassarfa da mai yawo da kare za su raba hanya ɗaya lafiya

Hanyar ƙafa ta cikin lambun shaƙatawa, ko wadda ta bi gefen kogi, sau da yawa faɗinta bai wuce mita biyu zuwa uku ba. A wannan ɗan tsukin ne mai sassarfa yake so ya riƙe takunsa da numfashinsa ba tare da an katse shi ba, a nan ne kuma mai kare yake so dabbarsa ta sake, ta sunsuna gindin kowace bishiya son ranta. Dukansu biyu suna da haƙƙi a hanyar, babu wanda ya zo cin arzikin wani. Sai dai akwai na uku a tsakaninsu, wato karen, wanda bai karanta allon da aka kafa a ƙofar lambu ba, ba kuma zai taɓa karantawa ba. Nauyin duka a kan mutanen biyu yake.

In ka bi diddigin faɗan da ake yi a irin waɗannan hanyoyi, yawancinsa ba-zata ce ke haddasa shi. Mai gudu ya ɓullo ta baya babu ko gyaran murya, kare ya zabura; ko igiya ta tsallaka hanya, mai gudu bai gan ta ba sai da ya ji ta a ƙwaurinsa. Ɗan lissafi zai nuna yadda lokacin yake da ƙaranci. Mai tafiya yana yin wajen kilomita 5 a awa, mai sassarfa kuwa 10 zuwa 12. Wanda ke gudun kilomita 12 a awa yana cinye mita uku da 'yan kai kowace daƙiƙa. Idan yana mita goma a bayan mai kare, cikin daƙiƙa biyar ya cim masa. Idan mai karen a tsaye yake yana jiran dabbarsa ta gama sunsune-sunsune, daƙiƙa uku ne. Idan gaba da gaba suke tahowa, biyu kacal. A cikin wannan ɗan lokacin ake so mutum ya ji, ya waiwaya, ya tattaro igiya, ya janye kare gefe. Matakan da ke ƙasa duk neman ƙara waɗannan daƙiƙoƙin suke yi.

Da farko, san abin da kare yake gani

Idon kare ya fi kama motsi a kan kama siffa. Abin da ke tsaye bai cika damunsa ba, amma duk abin da ya gilma da sauri yana tayar masa da ɗabi'ar bi da kamu wadda ya gada daga kakanninsa mafarauta. Ba sai yana jin haushinka ba. Ƙafafu biyu masu ɗagawa da sauka sun ishe shi dalili. Karnukan kiwo irin su Border Collie sun yi suna a wannan, domin an daɗe ana zaɓensu saboda iya kewaya tumaki da juya su, wasu karnukan kiwon shanu kuma aikinsu ke nan kai wa dunduniya ɗan cizo don dabba ta motsa. A wurin irin wannan kare, mai sassarfa tunkiya ce da ta ɓalle daga garke.

Kunnensa ya fi namu ji nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Amma idan hancinsa yana ƙasa, hankalinsa ma yana can, takalmin gudu kuma ba ya ƙara. Sai ya ɗago kai kawai ya ga mutum a kansa. Karen da ya firgita, igiya kuma ta hana shi tserewa, abin da ya rage masa shi ne haushi ko kai cafka.

Batun tsere wa kare kuwa, cire shi daga ranka tun yanzu. A gasar duniya ta Balin a 2009, lokacin da Usain Bolt ya kafa tarihin mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, ƙololuwar gudunsa ba ta kai kilomita 45 a awa ba. Karen tsere na Greyhound yana kusantar 70. Ko karen gida na yau da kullum zai kamo mai sassarfar da ya riga ya gaji ba tare da ya yi haki ba.

Mataki na ɗaya: shiri tun daga gida

Mai kare, igiyarka ce rabin aikin. A hanyar da ake rabawa da jama'a, igiya mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai zuwa ƙasa da mita biyu ta wadatar. A birnin New York doka ma ta ƙayyade kada ta wuce ƙafa shida, wato kimanin mita 1.8. A Birtaniya, ƙa'ida ta 56 ta kundin dokokin hanya ta ce a riƙe kare da gajeriyar igiya a hanyar da ake rabawa da masu keke ko masu doki, kuma hikimar ɗaya ce idan masu gudu ne.

Igiyar nan mai maɓalli, wadda ke warwarowa daga cikin ƙoƙon roba ta kuma naɗe kanta, tana kaiwa mita biyar, wata takwas. A buɗaɗɗen fili tana da amfaninta. A siririyar hanya, a ganina, ita ce babbar mai laifi. Zarenta siriri ne, galibi baƙi, ba a ganinsa daga nesa. Kai kana gefen dama, karenka yana gefen hagu, ka gindaya wa duk mai zuwa tarko daidai ƙwauri. Idan ta naɗe ƙafar mutum kare ya fizga, tana ƙona fata, tana kuma yanka yatsun wanda ya kai hannu ya damƙe ta. In ita kaɗai gare ka, janyo ta gajera ka danna makullin tun kafin ka hau hanyar.

Duba abin wuyan: yatsu biyu su shiga tsakaninsa da fata, kada ya wuce haka, in ba haka ba kare zai ja da baya ya zare kansa. Sa ledar kwashe kashi a aljihu, fiye da ɗaya, da ɗan abin ci da karen yake so wanda za ka ba shi lada. Idan ka san ya taɓa kai wa mutum cafka, sa masa takunkumi irin mai raga wanda zai bar shi ya yi haki ya sha ruwa. Takunkumi ba abin kunya ba ne, kuma duk wanda ya hango shi ya san ya ba da tazara. Akwai kuma alamar ɗaura rawayan ƙyalle a igiya, wadda ta yaɗu daga Suwidin tun 2012, ma'anarta wannan kare yana bukatar sarari, ko don tsoro, ko ciwo, ko tsufa, ko yana cikin horo. Ba kowa ya san ta ba, don haka kada ka dogara da ita kaɗai.

Mai gudu, naka shirin a kunne yake. Idan ka toshe kunnuwa biyu da iyafis ka ƙure sauti, ba za ka ji mai kare yana ce maka dakata ba, ba za ka ji ƙarar farce a bayanka ba. Bar kunne ɗaya a buɗe, ko ka rage sautin har ka riƙa jin takunka. Sannan ka san dokar wurin da za ka. Babban lambun Central Park na birnin New York misali ne mai kyau: an yarda a saki kare a sassa da yawa daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da kuma bayan 9 na dare, amma hanyar gudu da ta kewaye tafkin ajiyar ruwa ba a shiga da kare sam. Wanda ba ya son haɗuwa da karnuka ya san inda zai nufa da lokacin da zai kauce wa. Yawancin lambuna suna da irin wannan tsari a rubuce a bakin ƙofa, mutane ne ba sa tsayawa su karanta.

Mataki na biyu: hango tun daga nesa

Wanda ya fara gani shi ke da alhakin fara gyara, kuma idan ta baya ake tahowa, mai gudu ne kaɗai ke gani. Daga mita ashirin ko talatin, ɗago kai ka amsa wa kanka tambayoyi uku. Karen yana da igiya? Ina igiyar ta bi, wato shi da mai shi gefe ɗaya suke ko sun raba hanya biyu? Hankalin mai shi yana kan karen ko yana kan waya? Idan yaro ne ke riƙe da babban kare, ko mutum ɗaya da karnuka uku, ka ɗauka cewa ba za a iya janye su da sauri ba.

Dubi jikin karen ma. Wanda jikinsa ke sake, bakinsa a buɗe, wutsiya tana kaɗawa har da ƙugu, da wuya ya ba ka matsala sai dai tsalle na wasa. Wanda ya tsaya cak, ya rufe baki, ya miƙar da kunnuwa gaba, ya kafe ka da ido, nauyinsa a kan ƙafafun gaba, wannan ya riga ya sa ka a lissafi. Kaɗa wutsiya ba kullum take nufin maraba ba: idan ta miƙe sama a sandare tana ɗan karkarwa da sauri, ja da baya. Mai lasar leɓe, mai hamma ba dalili, mai kau da kai yana nuna farin ido, tsoro yake ji, kuma matsoracin kare ya fi saurin cizo idan aka matse shi.

Mai kare, kai ma ba a ɗauke maka waiwaye ba. Duk bayan ɗan lokaci ka duba bayanka, musamman kafin kwana, kan gada, da duk inda hanya ta tsuke. In za ka tsaya hira da wani mai kare, ku sauka daga hanya. Mutum biyu, kare biyu, igiya biyu sun toshe kowace hanyar ƙafa.

Mataki na uku: yi magana, kuma da wuri

Daga mita goma zuwa goma sha biyar, ɗaga murya daidai yadda za a ji, ba tsawa ba: "Gafara dai, Malam, zan wuce ta damarka." Ko, "Sannu Malama, mai gudu ne a bayanki." A Amurka masu gudu da masu keke sun saba kiran "ta hagunka" kawai su wuce. Matsalar ita ce mutumin da aka firgita yakan yi tsalle zuwa gefen da ya ji an ambata. Shi ya sa na fi son a fara da gaisuwa ko gafara, a bar mutum ya waiwayo, sannan a faɗi gefe. Kalmar farko ta farkar da shi ce, ta biyu ce saƙon.

Magana a daidai kafaɗar mutum ba sanarwa ba ce, tsoratarwa ce. Gara ma shiru da ita. Idan ka yi magana ba a ji ba, wataƙila shi ma kunnensa a toshe yake, ko tsoho ne mai nauyin ji. Ƙara taka ƙasa da ƙarfi, ka sake faɗa, ka kuma rage gudu. Kada ka yi fito ko tafi, domin karen zai ɗauka shi ake kira.

Kai kuma mai kare, da ka ji, nuna cewa ka ji. Ɗaga hannu ko "to, bismillah, wuce" ya isa. Idan karenka ba ya son masu gudu, faɗi gaskiya da ƙarfi: "Ɗan dakata in riƙe shi." Babu mai gudun kirki da zai ƙi ba ka daƙiƙa biyar.

Mataki na huɗu: wucewar kanta

Nan ne aikin hannu yake, bari in ɗan daɗe a kai.

Mai kare, sa babban yatsanka cikin madaukin igiya, ka ninko ragowar cikin tafin hannunka, ɗaya hannun ya riƙe ta kusa da karen. Kada ka naɗe ta a wuyan hannu ko a yatsu. Babban kare in ya fizga zai kai ka ƙasa ko ya targaɗa ka. Matsar da karen zuwa bakin hanya ta waje, kai ka tsaya tsakaninsa da mai wucewa, jikinka ya zama katanga. Igiyar ta zama gajera amma da ɗan lanƙwasa a jikinta. Wannan wurin mutane da yawa ke kuskurewa: suna ganin mai gudu sai su ɗaure igiya tamau har ƙafafun karen na gaba su ɗaga. Kare yana karanta hannunka ta igiya. In ka ɗaure, ka gaya masa abin tsoro na zuwa, gobe kuma tun kafin ka ja zai fara haushi. Kira sunansa, sa ladan a gaban hancinsa, ka bar shi yana kallonka har mai gudu ya wuce, sannan ka ba shi. In aka maimaita haka sau da yawa, sai ya zama da ya hango mai gudu kai zai waiwaya. Wani karen ya fi natsuwa a zaune, wani kuma zaman ne ke ba shi damar kafe ido ya shirya tsalle, gara a ci gaba da tafiya da shi. Kai ka san naka.

Mai gudu, bi ta gefen mutum, ba ta gefen kare ba. Kada ka taɓa ratsa tsakanin kare da mai shi, ko da ba ka ga igiya ba. Wataƙila tana nan, idonka ne bai kama ta ba. Ba da tazarar da ta fi tsawon igiyar, mita ɗaya da rabi zuwa biyu in hanya ta ba da dama. In ba ta bayar ba, koma tafiya. Taku goma na tafiya ba zai ɓata maka motsa jikinka ba, agogon gudu kuma yana da maɓallin tsayarwa ga wanda lissafin mintoci ya dama. Kada ka haɗa ido da karen, kada ka miƙa masa hannu kana wucewa. Bayan ka wuce, kada ka yanko gabansu nan take ka kuma ɓalle da gudu, domin ganin bayanka yana nisa shi ne ainihin abin da ke tayar da bi. Ƙara 'yan mitoci tukuna. Ka ce na gode. Mutumin ya katse tafiyarsa saboda kai.

Idan a ƙungiya kuke gudu, ku koma layi ɗaya, na gaba ya faɗi adadinku: "Mu shida ne." In ba haka ba, mai kare zai sassauta igiya bayan mutum na farko, karen ya faɗa ƙafafun na biyu.

Haɗuwar gaba da gaba ta fi sauƙi don kowa na ganin kowa, amma lokacinta ya fi gajarta, kuma a wurin kare, wanda ya nufo shi kai tsaye yana kallonsa barazana ce. Kowa ya riƙe gefen da aka saba bi a wurin, mai gudu ya ɗan yi baka ya kauce tun da nisa don a gane inda ya nufa.

Sakin kare, da maganar "ba ya cizo"

Inda doka ta yarda a saki kare, sharaɗin da ba a rubutawa shi ne ya dawo a kira ɗaya, ko da akwai abin da ya fi ka ban sha'awa a gabansa. Idan sai ka kira sau biyar kana bin sa, bai kai a sake shi a hanyar jama'a ba. Wannan horon a gida da fili mai shinge ake yin sa, da doguwar igiyar horo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko mai jin kira ne, kira shi tun kana hango mai gudu, kafin ya ɗaga ƙafa. Karen da ya riga ya fara bi kunnensa ya toshe.

Sai kuma kalmar da kowane mai gudu ya gaji da ji, ana ƙwala ta daga mita talatin: "Kada ka damu, ba ya cizo, wasa yake!" Wataƙila gaskiya ne. Amma wanda karen ya nufa ba shi da hanyar tabbatarwa, kuma ba cizo kaɗai ake gudu ba. Kare mai kilo talatin in ya bangaji gwiwar mai gudu zai kayar da shi cikin wasa. Wani an taɓa cizonsa yana yaro, wani gashin kare na tayar masa da ciwo, wani kuma kawai ba ya so dabba ta taɓa shi, kuma ba sai ya ba ka dalili ba. A Ingila, ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, ba sai kare ya yi cizo ake ɗaukarsa ya fi ƙarfin mai shi ba. Ya isa a ce akwai dalilin da zai sa mutum ya ji tsoron zai ji masa rauni. Abin da ya kamata ya fito daga bakinka shi ne sunan karen, sannan "yi haƙuri".

Masu gudu masu son karnuka, ku ma da naku: kada ka shafa karen wani sai ka tambaya, in an ce a'a ka wuce. Karen da ke jagorantar makaho kuwa a bakin aiki yake, ko magana kada ka yi masa.

Idan kare ya biyo ka

Tsaya. Jikinka zai ce ka ƙara wuta, kada ka saurare shi. Rage gudu zuwa tafiya, ka tsaya, ka juya masa gefen jikinka maimakon gaba ko baya. Naɗe hannuwa a ƙirji ko ka manna su a jiki, yatsu a dunƙule. Kalli ƙasa ko gefe, kana lura da shi ta wutsiyar ido. Kada ka yi ihu, kada ka yi ta wutsil-wutsil da hannu. Yawancin karnuka da abin bi ya daina motsi sai su sunsuna su rasa abin yi. In ya tsaya yana haushi, faɗa masa da kakkausar murya, a taƙaice: "Kai! Tafi!" ko "Zauna!" Ga mai shi kuma: "Malam, don Allah kira karenka." Sannan ka ja da baya sannu a hankali, kada ka juya ka ruga sai ya bar wurin ko an kama shi.

Shuri ba dabara ba ce. Ƙafar da ka ɗaga ita ka miƙa masa, ka kuma tsaya a kan ɗaya. Idan da gaske ya kawo hari, sa wani abu tsakaninku, gorar ruwa, riga, jaka, ka bar shi ya kama wannan. In ya kai ka ƙasa, dunƙule jikinka, gwiwa a ƙirji, hannuwa a kan ƙeya da kunnuwa, ka yi lamo.

Idan an yi cizo ko an faɗi

Mai kare, kama dabbarka ka ɗaure ta nesa, ka dawo wurin mutumin. Kada ka gudu, kada ka fara da "ai kai ka firgita shi". Ba da sunanka da lambar waya, ka nuna shaidar rigakafin karen ko ka tura hotonta.

Wanda aka ciza, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ko da ƙarzuna ce ta haƙori. Wannan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce, saboda ciwon haukan kare, wanda aka ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duk waɗanda suka kamu ta kare suka samu. Da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu tsira, amma allurar da ake yi bayan cizo tana hana shi idan an fara da wuri. Je asibiti a ranar. Likita ne zai yanke ko kana bukatar wannan allurar, da ta titanus, da maganin hana ruɓa, domin haƙorin kare yana huda ciki fiye da yadda bakin raunin ke nunawa. Ɗauki hoton raunin, ka rubuta lokaci da wuri da kamannin karen tun ba ka manta ba.

Wanda ke gudu da nasa karen

Wannan dokokin ɓangare biyu duk sun hau kansa. Tsarin parkrun, gudun kilomita 5 na kowace Asabar da aka fara a Bushy Park na Landan a 2004, abin koyi ne: mutum ɗaya kare ɗaya, a gajeriyar igiya ta hannu. Tun Afrilun 2022 suka hana igiyar da ake ɗaurawa a ƙugu, don karen kan yi gaba da nisa cikin cunkoso ya harɗe mutane. A hanyar da ba kowa tana da daɗi, amma da ka shigo cikin jama'a kama igiyar da hannu. Kare mai gudu yana tayar da sauran karnuka fiye da mutum mai gudu, saboda haka ninka tazarar da kake bayarwa. Kada ka yi doguwar sassarfa da kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Tambayi likitan dabbobi. Da rana kuma ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba ka iya jurewa na 'yan daƙiƙoƙi, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba.

Duhu, kashi, da wanda ba ya jin magana

Da asuba ko bayan faɗuwar rana, baƙin kare a baƙar igiya ba ya ganuwa sai an taka shi. Maƙala masa 'yar fitila a wuya, ko ka sa masa igiya mai ƙyalli. Mai gudu da tocilar goshi ya sunkuyar da ita idan ya zo kusa, don haske a ido yana makantar da mutum ya kuma harzuƙa kare.

Kashi kuwa a kwashe, a kai kwandon shara. Ƙulla shi a leda a rataye a reshe da sunan za a dawo ɗauka ya fi barinsa muni. Bayan ƙazanta, kashin kare yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke cutar da yara, har takan taɓa ido.

Duk da haka za ka haɗu da wanda bai damu ba, mai gudun da ke bangaje mutane ko mai karen da kullum dabbarsa ke bin jama'a. Faɗa masa sau ɗaya, a natse, abin da kake so ya yi: "Ɗan'uwa, in ka riƙa yin magana kafin ka iso zan janye shi," ko "Baba, karen nan ya bi ni jiya ma, a taimaka a sa masa igiya a wannan tsukin." Cacar baki a gaban kare tana ƙara tunzura shi, don yana jin tashin muryar mai shi. In abin ya ci gaba, kai ƙara wurin masu kula da lambun ko hukumar da ke kula da dabbobi a yankin, da rana da lokaci da wurin da abin ke faruwa, in da hoto ka haɗa.